Idan Hitar Ruwa Ta Fara Yoyo

(Kiɗan buɗe shiri)

 Ina gaida mutanen Fakku, da na Kebbe, Kuchi, Girkau, Ungushi da Margai, da 'yan'uwanmu na Tambuwal, Dogon Daji, Jabo da Sanyinna. Yaya ɗari? To, ai lokacinsa ne. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu haka za mu yi ta fama, hazo ya rufe gari, leɓe ya tsage, yaro ya ga bokitin wanka ya ruga bayan uwarsa. A irin wannan lokaci babu gidan da ba a ɗora ruwa. Wani a murhu da kara, wani a kan gawayi, wani da 'yar hitar nan da ake tsomawa cikin bokiti. Wani kuma Allah ya hore masa ya yi ginin siminti, ya kafa tanki a sama, ya sa hitar bango a banɗaki.

Yau a kan hita za mu yi magana, musamman ranar da ta fara yoyo. Na san wani zai ce, Malam, mu nan Fakku ina ruwanmu da hitar bango? Ka yi haƙuri ka saurara, Baba. Ɗanka da ke aiki a Sakkwato yana da ita a gidan haya, kuma can kake sauka idan ka je ganin likita. 'Yarka da aka kai Birnin Kebbi tana da ita. 'Yar ƙaramar ta bokiti kuwa, wadda ta fi kowace haɗari, tana cikin ɗakunan samarinmu da na amare, kuma zan zo kanta.

Mu mutane ne masu gyara, kuma ina alfahari da haka. Bokiti ya fashe, a kai wa mai faci ya ɗora wuƙa a wuta ya liƙe shi. Tukunya ta huje, maƙeri ya toshe. Tiyon injin ban-ruwa ya tsage a fadama, a yanko robar tayar babur a ɗaure, aiki ya ci gaba. Wannan hali ya rufa wa gidaje da yawa asiri. Amma a kan hita, shi ne ke jefa mu cikin haɗari. Bokiti ruwa kawai ke cikinsa. Hita kuwa abu uku ta tara a ciki guda: ruwa, wutar lantarki, da matsin ruwan da ya yi zafi yana neman hanyar fita. Wanda ya zo mata da dabarar facin bokiti yana wasa da ransa da na iyalinsa.

Hunturun bara na sauka gidan wani ɗan'uwana. Da asuba na shiga banɗaki in yi alwala, sai na ga ɗan bakin da ke ƙarƙashin hitar an cusa masa tsinke, an naɗe da roba tam. Na fito na tambaye shi. Ya ce, "Wallahi Yaya, wanga abu ɗiga yakai kullum, ya hana mu barci, shi ne wani yaro ya zo ya toshe muna." Na ce masa ya kashe ta yanzu-yanzu, kada a ƙara kunnawa sai an canza abin. Ya ga kamar na cika tsoro. Sai da na zaunar da shi na yi masa bayanin da zan yi muku yanzu.

Kafin bayani, ga abin da za ka fara yi idan ka buɗe ƙofa ka tarar da ruwa kwance a ƙasan hita. Kada ka shiga. Kada ka taka ruwan nan da ƙafa ba takalmi, kada ka taɓa jikin hitar, kada ka kama kan famfon ƙarfe. Koma baya ka kashe wuta tukuna. Yawanci makunnin hita yana waje, kusa da ƙofar banɗaki, mai 'yar jar fitila. Kashe shi, sannan ka je inda wutar gidan take shigowa ka sauke bireka ko ka zare katawut, da busasshen hannu, kana tsaye a busasshen wuri. Ko da an ɗauke wuta, ka yi hakan. Ku riƙe wannan da kyau, don nan ne mutane ke yin sakaci. Sai mutum ya ce ai babu NEPA, ya kwance murfi ya sa hannu. Kamfanin Kaduna Electric, wanda ke raba wuta a jihohin Sakkwato, Kebbi, Zamfara da Kaduna, ba zai aiko maka da sallama kafin ya maido da ita ba. Haka idan gidan na da janareta ko sola, ka tabbata wani yaro ba zai je ya tayar ba kana tsakiyar aiki.

Wutar gidajenmu bolt 230 ce. Jikin da ya jiƙe kuwa hanya ce buɗaɗɗiya gare ta. Ƙarfin wutar da bai kai ya kunna tsohon ƙwan nan mai wat 60 ba yana iya rikita bugun zuciyar babban mutum har ta tsaya.

Bayan wuta sai ruwa. Bututu biyu ne ke ƙarƙashin hita. Mai alamar shuɗi shi ke shigo da ruwan sanyi, mai alamar ja shi ke fitar da na zafi. Rufe makullin da ke kan na sanyi. Idan wanda ya yi aikin bai sa makulli a wurin ba, je ka rufe daga gindin tanki. Sannan ka buɗe famfon ruwan zafi kaɗan don matsin da ke ciki ya sauka. Ka tara baho, ka ja ƙofa, ka gaya wa uwargida kada yara su shiga. Ka bar ta ta huce, ko da zai ɗauki rabin yini.

To, ruwa ba ya tsami banza. Idan ta huce, goge ko'ina da tsumma har ya bushe, ka ɗauko tocila, ka buɗe ruwa kaɗan, wuta tana kashe, ka ga daga ina yake fitowa. Ruwa mayaudari ne, yakan fito daga sama ya bi jikin ƙarfe ya ɗiga a wani wuri dabam, don haka ka riƙa dafa busasshiyar takarda wuri-wuri kana dubawa. Wani lokaci ma ba hitar ba ce, bututun da ke cikin silin ne ke zuba a kanta.

Idan a mahaɗar bututu ne, ka gode wa Allah, abin ya zo da sauƙi. Ko noti ya saki, ko 'yar robar da ke ciki ta cinye, ko kuma tiyon nan mai saƙar ƙarfe a bayansa ya yi tsatsa ya fara tsagewa. Mai gyaran famfo zai canza shi cikin ɗan lokaci. Abin da nake roƙo kawai, kada a naɗe tiyon da ya tsage da roba. A sayo sabo, kuma wanda aka yi don ruwan zafi.

Yanzu ga wurin da na fi so ku buɗe kunne. A kan bututun ruwan sanyi, dab da jikin hitar, akwai wani ɗan ƙarfe mai ruwan tagulla, da ɗan baki a gefe, wani har da ɗan hannu da ake ɗagawa. Masu aiki suna ce masa sefti bawul. Ni ina kiransa mai gadin hita. Aikinsa biyu: yana hana ruwan da ya shiga komawa baya, kuma idan matsi ya yi yawa a ciki sai ya buɗe ya zubar da kaɗan.

Me ya sa matsi ke yawa? Domin ruwa yana kumbura idan ya yi zafi. Ruwan da ya tashi daga digiri 20 zuwa 65 yana ƙaruwa da kusan kashi 2 cikin 100. A hita mai cin lita 50, wannan ya kusa lita ɗaya, wato kamar ledar fiya-wata biyu. Tankin ƙarfe ne, ba ya miƙewa kamar salka. Ina wannan ƙarin zai je? Ta bakin mai gadin nan zai fita, ɗis, ɗis, ɗis. Saboda haka idan ka ga yana ɗiga lokacin da hita take kunne, ya kuma daina bayan ta huce, lafiyarsa ƙalau, aikinsa yake yi. Maganin damuwarka shi ne a sa masa 'yar siririyar tiyo ta gangara da ruwan zuwa magudana, bakinta a buɗe.

Wanda ya toshe wannan baki ya ɗaure mai gadi ya jefa a ɗaki. Ranar da na'urar da ke yanke wuta idan ruwa ya yi zafi ta lalace, kuma tana lalacewa, ƙarfen dumamawa zai yi ta aiki ba tsayawa. Ruwan da ke kulle cikin matsi yana wuce digiri 100 bai tafasa ba. Da zarar tankin ya tsage, sai wani sashe na ruwan ya rikiɗe ya zama tururi nan take, shi kuwa tururi yana neman wurin da ya ninka na ruwa fiye da sau 1,600. Abin da ke rushe bango ke nan.

Wannan ya taɓa faruwa, kuma a ƙasar da ake ganin ta fi mu ƙa'ida. Ranar 19 ga Janairu, 1982, a wata makarantar firamare mai suna Star da ke garin Spencer a jihar Oklahoma ta Amurka, hitar ruwa ta ɗakin girki ta fashe ana tsakiyar cin abincin rana. Yara shida da malama ɗaya suka rasu. Da aka bincika, sai aka tarar na'urar daidaita zafin ta samu matsala, sannan an riga an cire wani sashe na bawul ɗin da ya kamata ya buɗe. Tasu da gas take aiki, tamu da lantarki, amma ruwan zafi halinsa ɗaya ne ko'ina.

Idan kuwa bawul ɗin yana zuba ba tsayawa, ko hita na kunne ko tana kashe, to ko dai yashi da ƙasa sun maƙale a ciki, ko ya tsufa, ko kuma famfon tura ruwa da aka sa a gidan ya yi masa ƙarfi. A canza shi da sabo irin wanda kamfanin ya tsara wa wannan hita. Kuɗinsa bai kai komai ba idan aka gwada da kuɗin hitar kanta. In kuma ka buɗe famfo ka ga tururi na fita yana tofi, ko ka ji hitar tana ƙugi kamar tukunyar da ke tafasa, kashe wuta daga waje, fitar da kowa, kada ka tsaya kusa da ita.

Wuri na gaba shi ne ƙarƙashin murfin roba, inda wayoyi suke. A nan ne ƙarfen dumamawa yake shiga cikin tanki, da wata roba zagayayya da ke hana ruwa fita. Idan robar ta bushe ta tsage, ruwa zai riƙa ɗiga kai tsaye kan wayoyi. Wannan yana gyaruwa, amma ba aikin maigida ba ne, ba kuma aikin yaron da ya iya haɗa soket ba ne. A nemo wanda ya san hita, ko da daga Tambuwal ko Sakkwato za a ɗauko shi. Tunda an buɗe, a ce ya kankare farar dattin da ta taru. Ku leƙa cikin butar shayinku, idan kun ga wani farin ɓawo ya manne a gindinta, to irinsa ne ke taruwa a cikin hita, ya lulluɓe ƙarfen, ya sa ta jan wuta da yawa tana jinkirin zafi. A kuma ce ya duba wani ɗan sanda da ke ciki, na ƙarfen maganiziyam. An sa shi ne don tsatsa ta ci shi ta bar tankin. Idan ya cinye ba a sa wani ba, sai ta koma kan tankin. Duk shekara ɗaya zuwa biyu ya kamata a duba shi, kuma na san gidaje da yawa ba a taɓa gaya musu akwai shi ba.

Idan kuwa daga jikin tankin ruwan ke tsatsowa, ka ga jan ruwa mai tsatsa yana bin gindinta, to ta gama aiki. Na san maganar ba daɗi, don hita ba araha gare ta ba. Za a samu mai walda da zai ce zai iya. Cikin tankin nan an shafe shi da wani abu mai kama da tangaran don kada ruwa ya taɓa ƙarfe. Wutar walda tana ƙone wannan shafi, kuma inda tsatsa ta huda wuri ɗaya, ta riga ta cinye wurare goma da ido bai gani ba. Gara a koma murhu har Allah ya hore sabuwa. Kuma kada a bar ta rataye cike da ruwa. Lita 50 na ruwa kilo 50 ne, nauyin buhun siminti, ban da nauyin ƙarfen. Bangon da ya sha naso, da ƙusoshin da suka yi tsatsa, ba za su riƙe wannan kaya har abada a saman kan mai wanka ba.

Ranar da za a ɗaura sabuwa, ko a maido da wadda aka gyara, ka tsaya a wurin, Alhaji. Ka tambayi mai aikin, ina wayar ƙasa, wadda suke ce wa at? Gidaje da yawa waya biyu kawai ake ja wa hita, a bar ta ukun tana lilo. Ita ce ke kwashe wuta ta kai ƙasa idan ta ɓalle ta shiga jikin ƙarfe. Ka ce a sa maka bireka mai yanke wuta da kanta idan ta ji wuta na zurarewa, mai lamba miliamfiya 30 a jikinta. Sannan kada a kunna sai an cika ta: a buɗe famfon zafi har iska ta gama fita ruwa ya zubo sosai. Hitar da aka kunna ba ruwa, ƙarfenta ƙonewa yake yi nan da nan. Zafin kuma a tsayar da shi wajen digiri 60. Ƙasa da haka sosai, wata ƙwayar cuta mai kama huhu tana iya hayayyafa a cikin ruwa mai ɗumi-ɗumi. Amma ku sani ruwa mai digiri 60 yana sale fatar babba cikin daƙiƙa biyar, ta jariri kuwa kafin haka. A riƙa fara zuba na sanyi a baho, sannan a sirka da na zafi. Ni shawarata, ruwa ya yi zafi, a kashe hita, sannan a shiga wanka.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Yanzu bari in dawo gida, kan 'yar hitar bokiti, wadda ake samu a kowace kasuwa. Ita yoyonta a juye yake. Ba ruwa ke fita daga cikinta ba, shiga yake yi. Cikin wannan lanƙwasasshen ƙarfe akwai waya mai ɗauke da wuta. Idan ƙarfen ya tsage, ko ya kumbura, ko wurin da ya haɗu da mariƙin roba ya buɗe, ruwa zai kai ga wayar, sai duk ruwan bokitin ya zama wuta. Ido ba ya ganin haka. Ruwan yana nan kwance lumui, har sai an tsoma hannu.

Inna, Hajiya, amarya, don Allah kada a ƙara gwada zafin ruwa da yatsa alhali hita na ciki. A zare ta daga soket tukuna, a zare gaba ɗaya, kashe makunni kawai bai isa ba. A tsoma ta cikin ruwa kafin a kunna, ruwan ya rufe ƙarfen amma kada ya kai mariƙi. A gitta busasshen icce a bakin bokiti a rataye ta, don kada ta taɓa roba ta narkar da ita. Idan kin taɓa jin ɗan tsir a hannu, ko sau ɗaya, ko kin ga wayarta ta ɗaye an naɗe da leda, ki karya ta ki jefar, kada wani ya tsinta. Haka butar lantarki da ke tsiyaya ta gindi, inda take zama kan wuta. Samari 'yan makaranta masu haɗa tasu da reza biyu ko marfin gwangwani, ku bari. Wannan wuta ce tsirara a cikin ruwa.

Akwai kuma abin da ke cinye ɗakuna duk hunturu. An tsoma hita, sai aka ɗauke wuta. Aka ce bari a je a dawo, ko barci ya kwashe mutum. Can cikin dare wuta ta dawo, ruwa ya tafasa ya ƙone ƙurmus, bokiti ya narke, labule ya kama, ga iskar hunturu tana hurawa. Duk lokacin da aka ɗauke wuta, hannunka ya fara zuwa kan soket ɗin hita kafin ka nemi tocila.

Masu murhu, ku tukunyarku idan ta huje a kai wa maƙeri, babu laifi. Naku haɗarin yana wajen ɗauka da ajiyewa, musamman gidan da ake wankan jego, inda ake tafasa ruwa a babbar tukunya safe da yamma har kwana arba'in, ga yara na kai da kawowa a tsakar gida. A duba mariƙin bokiti kafin a ɗauka, kuma kada a ajiye tafasasshen ruwa a ƙasa a juya baya, ko na minti ɗaya.

Idan tsautsayi ya faɗa, wuta ta kama mutum, kada ka rungume shi, kai ma za ta haɗa da kai. Kashe wutar daga tushe. In ba hali, ture shi da busasshen icce kana tsaye a busasshen wuri. Ko ya miƙe ya ce lafiya lau, a kai shi asibiti a duba zuciyarsa. Idan ƙunar ruwan zafi ce, a yi ta kwarara ruwan sanyi mai tsabta a wurin har minti 20, na randa ma ya yi, ban da ƙanƙara. A cire zobe da awarwaro kafin wurin ya kumbura, tufar da ta manne kuma a bar ta. Kada a fasa ƙwai a kai, kada a shafa man goge baki, ko manja, ko toka, ko baƙin mai, kada kuma a fasa bororon da ya taso. A rufe da tsabtataccen ƙyalle, in yaro ne a lulluɓe sauran jikinsa saboda ɗari. Ƙunar da ta fi tafin hannun mai ita girma, ko ta taɓa fuska, hannu, gaba ko mahaɗar gaɓɓai, ko ta sami jariri, a wuce asibitin Kebbe ko na Tambuwal ba tare da jiran safiya ba. Idan ta yi tsanani su za su tura ku Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato.

Ɗan'uwan nan nawa, washegari muka shiga kasuwa muka sayo sabon bawul da tiyo ɗan kamu biyu. Mai gyara ya ɗaura, ya gangara da tiyon zuwa magudana. Har yanzu hitar tana ɗiga idan an kunna ta, sai dai ba ya jin ƙarar.

Lokacinmu ya ƙare. Mai tambaya ya aiko mana, za mu amsa a shiri na gaba in Allah ya kai mu.  

(Kiɗan rufe shiri)